Ƙarfen da Ka Dasa Mana a Gida

Talata, 14 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya bar ku da lafiya, kai da iyali. Mu dai muna nan yadda ka bar mu. A irin wannan watan ne ka sa hannu kamfanin waya ya kafa ƙarfen sabis a rabonka na gidan gadonmu, jikin bangon ɗakina, sannan ka ɗauki jakarka ka tafi. Ba ka shawarce ni ba. Shekaru ke nan abin na cina, yau zan faɗa. Na ƙi kiranka ne don kullum sai ka ce muryata na fita tar. Dole ta fita, Auta, a ƙarƙashin abin nake kwana.

Rabin rayuwata kimiyya na koyar, ka sani. Da farko ni ne mai bi ƙofa ƙofa ina cewa maƙwabta su kwantar da hankali, akwai iyakar da doka ta sa wa abin da ƙarfen ke fitarwa, kuma ana aunawa. Sai tela ya tambaye ni wa ya auna namu. Daga ranar na daina bin ƙofofin. Tun da ɗiyar mai shago ta rasu bayan ciwon kai mai tsanani, ko ɗan tsako ya mutu a layin nan ƙarfe ne. Likita ya ce ciwonta daban ne, amma wa zai saurara? Yaran da nake yi wa darasi da yamma iyayensu sun janye su ɗaya bayan ɗaya, bencinan ma na jingine su a bango. Mai aski har ba'a yake min, wai in matso kusa ya samu sabis a jikina.

Ni ban ce ƙarfen na kisa ba, ban kuma ce ba ya yi ba. So nake a zo da na'ura a auna a gaban kowa. Na je ofishin masu sa ido kan kamfanonin waya har takalmina ya san hanya. Wani yaro da na haife shi a shekaru ya ce min sai mai filin da ya sa hannu ne zai nemi a auna. Kai ke nan. Don girman Allah, Auta, ka zo, ko ka kira su da bakinka. Ni yayanka nake roƙonka.

Ga abin da ya sa na kasa haƙuri. Babbar ɗiyata ta haihu bara, namiji, aka sa masa sunana. Mijinta ya rantse ɗansa ba zai shigo gidan nan ba sai an auna. Ni ma da na je, daga ƙofa aka nuna min shi, wai kada in shafa masa abin da ke jikina. Mijin nan da iliminsa fa! Maman yara ta tafi taya ta reno, har yau ba ta dawo ba, watan jiya ta aiko aka ɗaukar mata keken ɗinkinta.

Ka gaida matarka, da Gwaggo, da 'yan biyu, da ƙaramarku mai kukan nan. Allah ya raya su a gabanka. Nawa jikan an ce ya fara tafiya, ban taɓa ɗaukarsa ba.

Yayanka,
Malam