Kwas ɗin da Na Guje Wa

Litinin, 2 ga Satumba

An koma makaranta. Shekarar ƙarshe, in ji kowa. Yau aka raba mana fom ɗin zaɓen fanni, shafi ɗaya tak, a mayar kafin Juma'ar sama. Tsarin tsangayarmu ke nan: shekara uku kana ɗaukar duk kwas ɗin da ranka ke so a kimiyyar zamantakewa, siyasa ce, tattalin arziki ne, ba mai hana ka, sai a ta huɗu ka faɗi inda ka fi ƙarfi a rubuta maka a takardar digiri. Ni tun cikin hutu na gama shawara: ilimin halayyar ɗan Adam. Ko minti biyu ban yi ba na cike. Rediyo, ƙawata da ba ta taɓa yin shiru ba tun da na san ta, ta leƙo ta ce, "Au, likitar ƙwaƙwalwa za ki zama?" Na ce da ke zan fara.

Laraba, 4 ga Satumba

Ban ma san ta inda zan fara ba.

Na kai fom ɗin wurin Malamar da ke sa mana hannu. Ta buɗe kwamfuta, ta yi ta gangarawa, ta koma sama, ta sake gangarowa. Ina zaune ina kallon tukunyar fulawar da ta bushe a tagarta. Can ta ce, "Ina ƙididdiga ta ɗaya?" Na ce na ajiye ta tun a shekarar farko. "Ta biyu fa?" Na ce ita ma ban yi ta ba.

Ashe ba a shiga fannin sai da su. Ta ɗaya a zangon farko kawai ake yi, ta biyu a zango na biyu, kuma ba a haɗa su da aikin binciken shekarar ƙarshe. Wato sai na ƙara shekara guda cur. In ba haka ba, in karɓi digiri na gama-gari, wanda ba a rubuta fannin komai a kai. Na ce, "Malama, to wani fannin fa?" Ta juyo min da fuskar kwamfutar. Kowane fanni kwas shida yake so. Ina da uku a siyasa, uku a zamantakewa, biyu a nan, ɗaya a can. Ko'ina na ɗan taɓa, babu inda na zauna.

Ta ce, "Makinki kuwa masha Allah. Wa ya tsara miki kwasa-kwasan nan?"

Na ce ni ce. Gaskiya ce, kuma ba gaskiya ba ce.

Alhamis, 5 ga Satumba

Bari in rubuta, ko na ji sauƙi. Gado ce ta tsara min.

Haka muke kiran takardar da 'yan gaba ke miƙa wa sababbi a makon farko. Jerin kwasa-kwasai ne, kowanne da bayaninsa a gefe: wannan malamin tambayoyinsa ba sa canzawa, wancan ba ya kiran suna, wannan ba laccar ƙarfe takwas, wancan in ka cika shafi huɗu ka ci. A gefen ƙididdiga kalma ɗaya aka rubuta, da manyan baƙaƙe: GUDU.

Lacca biyu na shiga. Malamin ya cika allo da alamomi, kaina ya ɗaure, na fito na gudu ɗin. Na tuna ranar da na kai fom ɗin ajiyewa, Malamar nan ce dai, ta ɗago ta ce, "Kin tabbata?" Na ce ƙwarai kuwa. Rediyo na jira na a bakin ƙofa, muna sauri za mu sha lemo.

Abin da ya fi ci min rai, takardar da muka gada duk ta yamutse, ni ce sarkin iyayi na zauna na sake buga ta tsaf, har da taurari. Mai tauraro uku shi ne mafi sauƙi. Allah kaɗai ya san mutum nawa suka bi ta bayana.

Asabar, 7 ga Satumba

Kaka ta sake ɓoye cokula. A cikin matashin kanta na same su, guda biyar. Na kwashe uku na bar mata biyu.

Bara war haka da na yi mata faɗa. Na yi ma. Ranar da ta ce ni na sace mata 'yan kunne, na ɗaga mata murya har Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Na ce tsufa ba hauka ba ne, neman fitina ne kawai. Ta tsaya tana kallona kamar baƙuwa ce a ɗakin. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Kwas ɗin tsufa da halayyar tsofaffi ne ya buɗe min ido, shi ma ba don Allah na ɗauka ba, mai tauraro ukun da nake so ne ya cika aka tura ni can. A mako na uku malamin ya fara bayanin ciwon mantuwa: yadda mai shi ke ɓoye kaya don tsoron kada su ɓace, sannan ya manta ya ɓoye, sai ya zargi wanda ya fi kusa da shi. Wanda ya fi kusa. Na zauna a kujerar baya hawaye na zuba a kan littafina. Shi ne kwas na farko da na karanta abin da ba a ce zai fito a jarrabawa ba.

Shekara biyu da rabi ina jami'a kafin in ji abu ɗaya ya taɓa ni. Kaico.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ban gaya wa kowa a gida ba.

Talata, 10 ga Satumba

Na biya ta shagon Baba in kai masa maganin hawan jininsa da ya manta. Yana kan keke yana ɗinka wuyan wata riga, allurai biyu a baki. Mai rigar na zaune a benci. Baba ya cire alluran ya ce, "Ka ga Autata, bana take gamawa. Ba ta taɓa faɗuwa ko ɗaya ba." Ya nuna masa bango. Duk sakamakona na zango shida suna nan ya manna su da fil, tsakanin kalanda da hotunan samfurin ɗinki. Mutumin ya ce Allah ya sanya albarka. Na ce amin, murya ciki-ciki.

Baba aji huɗu ya yi a firamare. Ba ya iya karanta sunayen kwasa-kwasan, lambobin kawai yake dubawa. Kullum lambobin nake kawo masa kuwa.

Rediyo ta ce in daina wahalar da kaina. "Takarda takarda ce, wa zai tsaya duba ƙananan rubutu? Ki tsaya ki ga mun tafi mun bar ki da yara masu sabuwar jaka?" Ita gama-garin za ta cike, ko a jikinta. Ba na ganin laifinta, ita dama abin da ta zo nema ke nan. Ni ce ban san abin da na zo nema ba sai da lokaci ya ƙure.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na sake komawa wurin Malama, ko akwai wata dabara. Na roƙe ta, har da su don girman Allah. Ta ce ba a hannunta yake ba, kuma ko a hannunta yake ba za ta yi ba. "Wanda zai yi aiki da marasa lafiya sai ya iya karanta bincike, ya gane na gaske da na bogi. Ba don mu wahalar da ku aka sa ba." Ta ce ita ma da ta ja ni da tambaya a wancan lokacin, ba ta sa hannu kawai ba. Na ce a'a Malama, kin tambaya.

Da la'asar na samu Baba a tsakar gida yana wanke ƙafa. Na durƙusa na faɗa masa duka, har Gadon.  Na zaci zai yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ajiye butar. Sannan ya ce, "To Auta, duk makin nan da kike kawo min, na mene ne?"



Ya ce, "Na ɗauka wahala kike sha a can." Ya sa takalminsa ya fita.

Mama ce ta biyo ni ɗaki. Ta ce in bar shi, ba shekarar ce ta dame shi ba, mutanen da ya gaya wa ne, da kuma shi kansa da ya yarda. Ta ce, "Ke dai me kike so?" Na ce ina so in iya wani abu, Mama, ko guda ɗaya ne.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na tsaya a layin ofis da fom biyu a jaka, ɗaya gama-gari, ɗaya na ƙarin shekara, duka a cike. Mutum tara a gabana. Kowane mutum ya wuce sai in canza ra'ayi. Da na iso gaban magatakarda ya ce, "Hajiya, miƙo mana, akwai jama'a." Na miƙa na ƙarin shekarar. Ya buga hatimi ko kallona bai yi ba. Abin da na kwana tara ina juyayi, shi bai ɗauke shi numfashi biyu ba.

Ba jarumta ba ce. Har na kai bakin get ina jin kamar in koma in ce kuskure na yi.

Baba bai tambaye ni ba. Ni ma ban faɗa ba. Mama ta faɗa masa.

Litinin, 23 ga Satumba

Laccar farko ta ƙididdiga. Ɗakin dai shi ne, fankar da ke ƙara ma ba a gyara ba. Malamin ya ƙara furfura. Yara ɗari da wani abu, duk sai ƙamshin sabon littafi suke. Wata ta matsa min wuri ta ce, "Anti, ke ce mataimakiyar malam?" Anti! Shekara uku na ba ta.

Ya cika allo. Kaina ya ɗaure kamar wancan karon. Bambancin kawai yau ba inda zan gudu.

Laraba, 2 ga Oktoba

An manna sunayen masu aikin binciken ƙarshe da malaman da za su duba su. Na san babu nawa, amma sai da na bi jerin da yatsa har ƙasa. Wauta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ina yi wa Kaka tsifa ta kama hannuna ta ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke? Kina da hankali." Na ce 'yar gidan tela ce. Ta ce ta san shi, yaron kirki ne.

Na gama tsifar, na shafa mata mai, sannan na shiga banɗaki na yi kukana. Ko da na bi hanya tun farko ba zan warkar da ita ba, na sani, malamin ya faɗa mana ba ya warkewa. Amma da na gane da wuri, da ban yi mata tsawar nan ba lokacin da take iya riƙe abin da aka yi mata. Yanzu ko na ba ta haƙuri, wa take yafe wa?

Laraba, 16 ga Oktoba

Su Rediyo sun tafi ƙauyuka tattara bayanan bincikensu, mota guda, da waƙe-waƙe. Ta turo min hotuna goma sha huɗu. Na ce sun yi kyau. Sun yi kyau ɗin.

Ni kuma ina ɗakin karatu da kalkuletar da na ara, tambaya ɗaya tun azahar. Sau huɗu ina yi, sau huɗu amsa daban.

Baba ya fara yi min magana kamar da, sai dai ba ya tambayar makaranta. Da safe ya ga ina neman takalmi a gurguje, ya ce, "Ƙarfe nawa ake shiga?" Na ce takwas. Ya dubi agogo ya ce, "To ai sai ki yi sauri." Iyakarta ke nan.

Talata, 5 ga Nuwamba

An raba takardun gwajin farko. Goma sha ɗaya cikin ashirin.

Tun da na shigo makarantar nan ban taɓa ganin maki mai ƙanƙanta haka da sunana a sama ba. Yarinyar da ke ce min Anti sha bakwai ta ci, tana ta ɓoye takardarta don kada in ji kunya.

Bayan an tashi na bi malamin har bakin matakala, na ce ban gane inda na kauce a tambaya ta huɗu ba. Ya tsaya, ya karɓi birona, ya ja layi ƙarƙashin wuri ɗaya. Tun a layi na biyu na raba da adadin da ba shi ba. Na ce, "Au!" da ƙarfi har wasu suka waigo. A bas na sake yin ta a bayan takardar, a kan gwiwata, mota na girgiza. Ta fito.

Ba wai na ji daɗi ba ne. Shekara guda dai ta tafi, ba abin da zai dawo da ita, kuma sha ɗaya sha ɗaya ce. Kawai dai tun da na dawo na fito da takardar ya kai sau uku ina dubawa. Taran da na rasa na san inda suka zube. Sha ɗayan nan kuma, ɗaya bayan ɗaya, na san inda na samo su.