Abin da Na Ce wa Talha Saboda Makina

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Na samo wata. Bayan la'asar na je Haraj, kasuwar gwanjo, wajen masu tsofaffin kayan gida, tana cikin kwali tare da fitilu da wayoyin caja. Makinar kamun kifi ce ta teku, irin wadda ake ɗaurawa a sanda a ja ƙugiya a bayan jirgi yana tafiya. Ruwan zinariya, da birkin hannu a gefe: ka tura shi gaba zare ya ƙi fita, ka dawo da shi baya kifi ya sami sararin gudu. Ina jin ta girme ni. Mai sayarwa ya tambaye ni wane teku nake zuwa, na ce na Dammam, garin da ke bakin teku. Ƙarya. Ko tarwaɗa ban taɓa kamawa ba.

Matata Bilƙisu ta leƙa kabad ta ga na jera ta kusa da 'yan uwanta da na tara, ta ce, "Malam, a garin da ko kududdufi babu." Na yi dariya. Gobe zan nuna wa yaran ajin Hausa da nake koyarwa a gida duk Asabar. Akwai kalmomi masu kyau a jikinta: naɗi, warwara, ja, saki.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ba yau ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

To, in rubuta.

Jiya ana cikin darasi a falo na tashi in karɓo musu shayi. Da na dawo na tarar ɗalibina Talha ya ɗauki sukundireba ya buɗe gefen makinar, sauran samarin sun kewaye shi. Wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya ɓace a kafet. Ya ɗago yana murmushi, "Malam, so nake in ga yadda birkin yake kamawa."

Na ce, "Wa ya ba ka izini? Haka kuke ku 'yan takari, sai kun shiga inda ba a sa ku ba."

Ni na faɗa. Da bakina, da tire a hannu.

Takari. Sunan da mutanenmu ke kiran wanda ya zauna a ƙasar nan mai tsarki ba iƙama, wato takardar izinin zama, yana ɓuya. Kakan Talha da ƙafa ya zo aikin hajji ya zauna. A nan aka haifi uban, a nan aka haifi yaron, takardunsu ba su daɗe da daidaita ba. Shi ya gaya mini da kansa a mota, da azumin bana. Ya ce a makaranta ana tuna masa shi baƙo ne, a cikin 'yan Najeriya kuma ana tuna masa bai san gida ba, "a ajinka ne kawai nake ɗan wani wuri." Ba wanda ya sani a ajin. Yanzu sun sani.

Talha ya ajiye sukundireba. Ya jera ƙusoshin a bakin tebur, ya miƙe, ya ce da Larabci, "Ma'assalama, ustaz." Tun yana ƙarami Malam yake ce mini.

Talata, 8 ga Oktoba

Bilƙisu ta tsinci sifirin ɗin tana shara. Kafin shayina ya huce na mayar da shi. Makina tana aiki lafiya lau, har ta fi da santsi. Da ma ta lalace.

Asabar, 12 ga Oktoba

Bai zo ba. Amir, ɗaya daga cikin yaran, ya nuna wurin zaman Talha ya raɗa wa na kusa da shi, "Kujerar takari," suka yi dariya a hanci. Na buɗe baki zan tsawata. Da wane bakin?

Laraba, 16 ga Oktoba

Na kira shi. Ni ina Hausa, shi yana Larabci. Lafiya lau, ustaz. Ina da ayyuka, ustaz. Yaron da bara ya tsaya gaban iyaye ya ba da labari da Hausa har Bilƙisu ta yi hawaye. Shekarun da na yi ina jawo shi cikin harshen nan, ya tattara ya maido mini.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na je gidansu a Shumaisi bayan sallah. Talha ba ya nan, ko kuma yana ciki. Mahaifinsa, Malam Basiru, ya tashi daga barcin rana, da daddare yake tuƙi, ya kawo gahawa da dabino, sai ba ni haƙuri yake. "Malam, yaro ne mai ƙaiƙayin hannu. Da dukansa ka yi ma ba komai. Ka faɗi abin da ya ɓata mu nemo." Ashe bai san abin da na ce ba. Yaron bai gaya masa ba.

Na fara kame-kame, wai raina ne ya ɓaci, wai harshe ya suɓuce. Muryata can ƙasa. Sai mahaifiyar, Mansura, ta yi magana daga bayan labule.

"Malam Sha'aban, a gaban yara ka faɗa. Nan kuma ka zo kana rage murya."

Malam Basiru ya ce, "Ke Mansura."

"Ban zage shi ba, Baban Talha. Wurin da maganar take na nuna masa."

Malam Basiru ya dube ni yana jiran in yi bayani. Ban yi ba. Har mota ya raka ni yana godiya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na shirya abin da zan ce tun asuba. Da suka zauna sai na koyar da jam'in suna. Gida, gidaje. Rago, ragwaye. Wannan misalin ban rubuta shi a allo ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

A makarantar da nake aiki shugaba ya yabe ni gaban sababbin malamai, wai su koyi haƙuri da yara a wurina. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Da na dawo na fito da makinonin na shafa musu mai, ɗaya bayan ɗaya. Ina son su, ba zan ɓoye wa kaina ba. Ƙarfe ne da wani ya zauna ya ƙera da kyau, ya sha gishirin teku, ya zo hannuna. Amma Bilƙisu ta tsaya a ƙofa ta ce, "Waɗannan dai ba ka taɓa ɗaga musu murya ba." Ta wuce kicin.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na faɗa. Ba da kyau ba. Na tsaya, na zauna, na sake tsayawa. Na ce ranar nan na yi wa ɗan uwanku magana mummuna, na zalunce shi, ina neman gafararsa a gabanku tunda a gabanku na yi.

Sai Amir, shi da ba ya iya riƙe tambaya, ya ce, "To Malam, ba gaskiya ba ce?"

Na ce kakan Talha shekaru ya yi yana tafiya a ƙasa don ya ga Ka'aba, ni jirgi na hau da takardar aiki. Na ce in kafilina, wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan, ya juya mini baya gobe, ni ma sunan da za ku kira ni ke nan, ku ma haka, da iyayenku. Ba wanda ya yi dariya. Na roƙi Amir ya kai wa Talha yadda na faɗa, kada ya gyara mini.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Bai zo ba. Amir ya ce ya gaya masa, Talha ya ce "ɗayyib" kawai, wato "to".

Asabar, 9 ga Nuwamba

Darasin naɗi da warwara har yanzu ban yi shi ba, sai na fito da makinar na miƙa wa na farko, na ce ta zaga. Na juya ina rubutu a allo. Wuyana sai so yake ya waiwaya.

Na ji an turo ƙofa, wani ya zauna daga can baya. Ban duba ba, na san tarinsa.

Sai ƙara. Ta suɓuce wa Amir ta bugi tayil, inda kafet bai kai ba. Kowa ni yake kallo. Na ce, "Ɗauko, miƙa gaba."

Ta bi hannu hannu har ta kai baya. Talha ya jujjuya ta, ya tura birkin gaba, ya dawo da shi.

"Malam, ta lotsa fa."

"Na gani."

Da aka tashi bai tsaya gaisawa ba. Ban san ko zai zo mako mai zuwa ba. Lotsawar tana nan a gefen, babba ce, kuma ta dame ni, ba zan ce ba ta dame ni ba. Na dai lura har magariba ban je na duba ta ba.