Maman Rifkatu Ta Harbi Gwangwani

Lahadi da dare, 9 ga Oktoba, 2016

Shekara biyu ke nan tsofaffin bindigogina na iska suna ƙarƙashin gado. Tun ranar da na gwada ɗaya, Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu da ta gudo daga Gwoza, ta ji ƙarar ta zube ƙasa da tiren shinkafa, ban ƙara ɗana ko ɗaya ba. Har yau ina jin kunya.

Ɗazu da la'asar ina shafa musu mai, sai ga ta.

"Baban Sadiya, koya mini. Na gaji da firgita ko ƙofa aka buga."

Na kafa mata gwangwanin madara. Ta kuskure sau huɗu. Na biyar, ƙwal!

Ta yi dariya har da hawaye.

"Ashe iyakar ƙarar ke nan? Ƙaro harsashi."