Ragon Tara a Motar Gwamnati

Rabat, 11 ga Yuni

Zuwa ga mahaifina Bassu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya gwiwar taka da hawan dutse? Ya Inna Itto da masaƙarta? Ina gaida Malam Lahsen, limaminmu, don na san shi zai karanta maka wannan takarda. Malam, don Allah ka karanta ta yadda na rubuta, kada ka sa mata zuma kamar yadda ka saba.

Baba, saƙonka ya iso, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ce na kai su. Mu uku muka shiga agdal, makiyayar nan ta jama'a, ranar Talata da hantsi ta hanyar bayan dutse: ni, da abokiyar aikina Dakta Nawal, da Daraktan cibiyarmu ta binciken tsirrai. Mun kafa turaku goma sha biyu masu jan ƙyalle, mun ƙirga tsirrai, mun fito.

Na san makiyayar a rufe take tun bazara har Agusta, na kuma san kai jama'a ta naɗa mai gadinta. Amma furen da muke ƙirgawa ba ya jiran Agusta. Ranar da kuka buɗe, kafin azahar tumaki sun gama da shi. Muna da takardar izini mai hatimi biyu, kuma ko akuya ɗaya ba mu kora ba. Mutum uku a ƙafa, wace ciyawa muka ci?

Na san abin da ke ranka. Ina ƙarama wasu suka zo da littattafai, suka sha shayinmu, suka koma suka rubuta cewa mu ke kashe dutsen, gwamnati ta zagaye gangaren arewa da waya. Ban manta ba, saboda wannan wayar ma na karanta abin da na karanta. Shi ya sa ya yi mini zafi da ka ce na zama tasu. Ban ga laifin da na yi ba, kuma ba zan ba da haƙurin ƙarya ba.

'Yarka mai taurin kai irin naka,
Tuda

Rabat, 20 ga Yuni

Babana,

Ina gaishe ka da Inna, ina yi muku fatan lafiya da kwanciyar rai, ko da yake ni na hana ku ita. Malam Lahsen, na gode da amsar da ka rubuto, ka kuwa zuba mini barkono daidai gwargwado.

Na karanta ta sau uku. Makiyayan gangaren gabas sun hango jan ƙyallenmu, sun tara garkunansu a bakin hanya, suna cewa tunda 'yar mai gadi ta shiga, rufi ya karye. Jama'a ta yanke cewa duk wanda ya taka ciyawar ya biya tara kafin Juma'ar ƙarshen wata: rago, da abincin kuskus na dattawa sittin, kuma mai laifin ya raba da hannunsa. In ba haka ba, kowa ya hau da dabbobinsa, mako shida kafin ciyawa ta zubar da iri.

Baba, na yi kuskure, na faɗa. Ni na fi kowa sanin abin da mako shidan nan ke nufi, don na ƙirga. A tsakanin turaku huɗu cikin agdal ɗinku mun sami tsiro iri arba'in da ɗaya. A bayan wayar gwamnati, goma sha ɗaya. Abin da na je in tabbatar wa duniya kuna kiyayewa, da ƙafata na kusa rushe shi. Tun da na gane haka abinci ya ƙi shiga bakina.

Jiya na shiga ofishin Darakta na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya ce, "Tuda, ke lafiyarki kuwa? Gwamnati ce za ta biya tara ga makiyaya? Ni in naɗe hannun riga in raba kuskus?"

Na ce, "Yallaɓai, gwamnati ba ta da ƙafa. Takalminka ne ya taka ciyawar, kuma Babana ya ga sawun."

Ya ce to a sa kuɗin ragon a ambulan a aika ta hannun hukuma, a rufe zancen. Na ce mutanenmu ba rago suka rasa ba, ragunansu sun fi ma'aikatan ginin nan yawa. So suke su ga wanda ya taka doka ya sunkuya da akushi a gabansu kamar kowa. Ya ce shi da izini ya shiga. Na ce izinin mutanen da ba su taɓa ganin dutsen ba.

Na gaya masa ba zan sa hannu a rahoton ba, kuma ba zan ƙara nuna wa kowa hanya ba, sai an biya. Ya ce in tuna wa ke biyana albashi. Na tuna, na kuma tuna wa ya sayar da tumaki ya kai ni makaranta.

Ka riƙe makiyayan gabas a bakin hanyar nan, Baba, ko da sandarka ce. Ka ba ni kwana shida.

Taka,
Tuda

Rabat, 24 ga Yuni

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka, da Inna, da Malam. Na ba direban motar kasuwa wannan don ta riga mu isowa.

An dakatar da ni daga aiki, takardar na cikin jakata. Darakta ba zai zo ba. Kada Inna ta yi kuka, ni ban yi ba, sai kaɗan a kan matakala.

A nan Dakta Nawal ta same ni. In ka gan ta, 'yar birni ce, ko kaza ba ta taɓa riƙewa ba. Ta ce, "Tashi, malama, ni ma na taka ciyawar nan. A ina ake sayen rago?" Yau da safe ta ɗauki motar cibiya da sunanta, muka je kasuwa. Yanzu haka raguna uku na bayan motar gwamnati suna cin kujera. Na ce uku don ban manta da dokarmu ba: wanda ya kawo baƙo shi ke ɗaukar laifinsa in baƙon ya gudu. Na Darakta a wuyana yake.

Nawal ita ce ta biyu a cibiyar, kuma ta rubuta takarda da za ta sa wa hannu a gaban jama'a. Babu mai binciken da zai ƙara shiga agdal sai jama'a ta yarda, kuma mai gadi yana gaba, shi yana biye. Duk abin da muka gano, a dandalin ƙauye za a fara karanta shi da harshenmu kafin a buga. In dattawa suka ce a ƙara wani abu, ta zo da alƙalami. Ban ce ku yarda da ita don takarda ba, kun ga takardu da yawa. Ku dube ta da akushi a hannu, sannan ku yanke.

Turakun kuma ba za mu shiga cire su ba. Su zauna har ranar buɗewa, ko ka cire da kanka.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Juma'a kada ka sassauta mini, don mutanen gabas fuskarka za su zuba wa ido. Ka fara kiran sunana kafin na Nawal, da muryar da kake kiran duk wanda aka kama da garke a ciki. Kada ka bari Inna ta taɓa tukunya. Zan tsaya har mutum na sittin ya wanke hannu, har mutanen gabas su juya garkunansu su gangara. Bayan nan, in ka ga dama, ka bar mini wuri kusa da kai in zauna, don na gaji, Baba, kuma ina kewarka.

Mai laifi ta farko,
Tuda 'yar Bassu