Tsila a Garken Baba

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali da Baba da Auta duk kuna lafiya.

Bijiman da ka aiko sun iso mayanka, kuma ranar ni ke kan aikin duba nama. Ɗaya lafiyarsa ƙalau. Sauran biyun, da na tsaga naman kumatu da zuciya sai na tarar da 'yan ƙullutu farare kamar ƙwayar shinkafa. 'Ya'yan tsila ne, tsutsar nan doguwa mai faɗi da ke zama a hanjin mutum. Wanda ya ci naman bai dahu sosai ba, a cikinsa za ta girma. Ɗayan na sa an kai ɗakin sanyi ya jima har su mutu. Ɗayan kuwa abin ya game jikinsa, dole na sa aka ƙone shi. Na san hasara ce, amma ba ni da wata hanya.

Ga abin da ya fi damuna. Saniya ba ta ɗaukar wannan daga 'yar'uwarta. Daga mutum take ɗauka, mai tsila a cikinsa da ke bayan gida a inda suke kiwo. Ke nan akwai mai ita a gidanmu ko kusa da garke. Magani yana kashe ta. A duba kowa, don Allah.

Ka gaida Baba.
Ƙaninka

*

Malam mai duba nama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na ga takardarka, na karanta wa mutanen gida. Lokacin da muke kai ka makaranta ban san shanunmu za ka fara ƙonawa ba. Mahauta duk sun ji, yanzu ko taya dabbarmu ba a yi.

Batun mai cuta kuma ba sai an duba kowa ba. Wa ke kwana da shanu in ba Dogo makiyayi ba? Na tambaye shi, ya rantse shi lafiyarsa lau. To me zai ce? Na sallame shi. Baba yana zaune aka yi, bai ce komai ba.

Sai an kwana biyu.
Yayanka

*

Yayana,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙanwa. Ina fata aiki da sauƙi, kuma har yanzu matarka na haƙuri da ƙarnin jinin da kake kai mata gida.

Wannan tsakanina da kai ne. Tun rasuwar Inna ni ke wanke kayan Baba. Na daɗe ina ganin wasu abubuwa farare, masu faɗi, a wandonsa, wani lokaci har da motsi. Na ɗauka daga ciyawa yake kwasowa. Sai da Yaya Babba ya karanta takardarka na gane.

Ka san banɗakin zamani da Yaya ya gina masa? Baba bai taɓa zama a kai ba. Ya ce shi ba zai hau kujera don wannan lalura ba. Da sassafe yake ɗaukar buta ya zaga bayan garke, wajen da ciyawa ta fi yawa. Naman gashi kuma ka san shi, da ya ji wuta kaɗan sai ya ce a sauke kada daɗin ya gudu.

Dogo ya tafi da matarsa da yaransa a bayan wata motar kaya. Matar ta shigo ta yi min sallama, ta dawo min da turmin da ta ara. Ban iya kallon idonta ba.

Ta yaya zan dubi Baba in ce na ga abu a wandonsa? Yaya kuma in na faɗa masa, gida zai ɗauka da faɗa. Ka ba ni shawara.

Taka,
Auta

*

Auta,

Na gode da takardarki, kuma kin yi daidai da kika faɗa min.

Na yi magana da wani likita abokina, na kwatanta masa abin da kika gani da shekarun Baba. Ga magani nan a hannun direban da ya kawo miki wannan, ya isa kowa a gidan. Ki ce ni na ce duk wanda ya ci naman garkenmu ya sha, babba da yaro, kowa da adadin da aka rubuta masa. Ta haka Baba zai sha cikin jama'a ba tare da an nuna shi ba. A gina masa banɗaki na tsuguno, a kuma hana shanu wannan ciyawar.

Batun Dogo ne ban san yadda zan yi ba. Ba a wanke shi sai an ambaci Baba. Ki ba ni lokaci in yi tunani.

Allah ya yi miki albarka.
Yayanki

*

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka huta da tunanin.

Na tara kowa a tsakar gida da kofunan ruwa, na faɗi saƙonka. Baba ya karɓi nasa, ya juya shi a tafin hannu, sannan ya ce, “Ku bar ɗura wa yara ɗaci. Ni ne mai ita.”

Ya ce tun ranar da aka karanta takardar ya sani, kunya ce ta riƙe masa baki har aka kori bawan Allah yana kallo. Ya haɗiye maganin, ya dubi Yaya Babba ya ce ya je ya nemo Dogo duk inda yake. Yaya ya fara cewa ai shi bai san Baba ne mai ita ba. Baba ya ce, “Ban ce laifinka ne ba. Na ce ka je.”

Sauran mu ma mun sha. Abin ya fita daga jikin Baba washegari. Bai bari kowa ya gani ba, shi ya haƙa rami mai zurfi da kansa. Magini ya fara aikin banɗakin tsugunon. Yaya kuma ya bi kasuwannin dabbobi yana cigiya.

Taka,
Auta

*

Ƙanina,

Sallama. Na sami Dogo, yana kiwo a gonar wani mutum. Ya shimfiɗa min tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Na faɗa masa komai, na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma ba zai dawo ba. Ya ce a gaida Baba.

Ban gaya wa Baba ba tukuna. Kullum da ya ji ƙarar mota sai ya fito ƙofar gida, ko Dogo ne. In ka sami hutu ka zo, mu faɗa masa tare.

Yayanka