Takardar albashin Sani

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Rabi? Mu nan Kwarbai sai godiya.

Yau na kai wa kotu takardar albashin Sani ɗan Gwaggo. Ya ce wa alƙali ba shi da aiki, don kada a yanka masa kuɗin ciyar da 'ya'yansa da ke hannun tsohuwar matarsa. Kotu ta rubuto wa kamfaninmu inda yake tuƙi, kuma rajistar direbobi a hannuna take.

Gwaggo ta ce, "Har da kai, Isa?" Ban san ko na kyauta ba, amma na ga yadda yaran suka rame.

Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a. Gobe zan je gaida Gwaggo, ko ba za ta amsa ba.

Ƙaninka,
Isa