Katin Kunne Ɗaya

Gwandu, daren Laraba, daminar 1998

Kaina ya ɗaure. Kwamfutar da Yaya Sani ya bar mini ba ta da murya, sai tsiyu-tsiyu kamar ɗan tsako. Na je Kalgo wurin Bala mai gyaran rediyo, ya ba ni katin sauti biyu in gwada, gobe in mai da ɗaya.

Na farkon, wallahi ina sa abin kunne sai ka ce makaɗin a tsakiyar kaina yake zaune. A wasan harbi na kwamfuta har sawun maƙiyi nake ji ta bayana. Na biyun kuwa gurgu ne, kunnen hagu kaɗai yake yi. Bala bai ji kunyar ba ni shi ba!

Ina cikin jin na farkon, ashe Baba na bakin ƙofa yana ta sallama. Sai ji na yi an zare abin daga kaina.

"Umaru, ni za ka mayar baƙo a gidana?"

Ni da bakina ba ya haƙuri, na ce ai laifin kati ne. Ya tsaya a kaina har na canza katin, ya saurari gurgun, ya ce, "Wanga shi ke da tarbiyya. Ya bar ma kunne guda na iyayenka."

Wasa ne ko hukunci? Fuskarsa ba ta nuna ba. Na karance takardar da ke cikin kwalin katin kaf, ba inda ta yi zancen uba. In na riƙe mai kyan, ina tsoron kwamfutar ta kwana ɗakin Baba har abada.

Gurgun dai na cikin kwamfuta yanzu. Mai kyan na ƙarƙashin matashina, na kasa sa shi a jakar da zan tafi da ita wurin Bala gobe.